Felim na Munster: sarkin da ya ƙone gidajen ibada, aka kuma sa shi cikin waliyyai

Malam Nasiru
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Tunda makon nan na tarihin Turai ne, ga wani sarki daga tsibirin Ailan da ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Sunansa Feidlimid ɗan Crimthann, amma Felim zan riƙa rubutawa don yatsuna su huta. Ya hau gadon sarautar Munster, lardin kudancin tsibirin, a shekarar 820, ya rasu a 847. Ɗan gidan Eoganacht ne, masu sarauta a kan dutsen Cashel.

'Yan zuhudun ƙasar suna da al'adar rubuta abin da ya faru a kowace shekara, layi ɗaya ko biyu, kuma daga waɗannan kundaye muke samun labarinsa. A 823 ya wawashe gidan zuhudun Gallen har da ɗakin ibadarsu. A 832 ya sa wa filayen gidan zuhudun Clonmacnoise wuta. Da shekara ta zagayo ya dawo, ya karkashe mutanen wurin, ya ƙone abin da ya samu har bakin ƙofar coci, sannan ya wuce Durrow ya yi musu irin wannan aika-aika. A 836 ya shiga Kildare da makamai, ya ritsa Forindan, shugaban cocin Armagh, da tawagarsa a cikin ɗakin ibada.

To kundin Ulster, wanda ya kawo labarin kisan 833 da na Kildare, shi ne kuma da ya zo kan mutuwarsa ya kira shi mafificin mutanen Ailan, marubuci, mai halwa. Daga baya sunansa ya shiga jerin waliyyan ƙasar. Ta ina aka haɗa wannan da wancan? Ina masana?

Hajiya Binta
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni ban ga abin ɗaure kai ba. Mai takobi ya mutu, masu alƙalami suka dubi dakarun da ya bari, suka rubuta abin da zai bar su su kwana lafiya. Ina aka taɓa yi wa sarki mummunar ta'aziyya?

Malam Nasiru
Hajiya, da kundin Munster ne ya faɗi haka da na bi bayanki ba musu. Amma wannan na yankin abokan gabarsa ne, ƙasar Ui Neill, gidan sarautar da ke riƙe da arewa da tsakiyar tsibirin. Ba abin da gawar sarkin Cashel za ta yi musu. Kuma wanda ya rubuta cewa wuta ta kai bakin ƙofar coci ba mai lallashin kowa ba ne.

Ɗan Maraɗi
Ku dakata mana, manyan malamai, kun hau jirgi kun bar mu a tasha. Ailan ɗin nan sarki nawa gare ta a lokacin? Ni na ɗauka tsibiri ɗaya, sarki ɗaya.

Malam Nasiru
Ina fa! Ƙananan masarautu sun haura ɗari, kowace da sarkinta, wata ma ƙasarta ba ta wuce yinin mai tafiyar ƙafa ba. Ƙaramin sarki yana bin wanda ya fi shi, shi kuma yana bin sarkin lardi. Manyan lardunan su ne Munster, Leinster, Connacht, Ulaid a arewa maso gabas, sai ƙasashen Ui Neill da suka mamaye arewa da tsakiya. Alamar biyayya ita ce ka miƙa 'ya'yanka ko 'yan'uwanka su zauna a hannun babban sarki a matsayin jingina, ka biya shanu, ka fito da mayaƙa in an kira ka. Ranar da ka saɓa alkawari, ran ɗanka ne a kan faifai.

Sarautar Tara, wadda ake ganin ta fi kowace daraja, tana hannun Ui Neill, suna karɓa-karɓa tsakanin reshen arewa, Cenel nEogain, da reshen kudu, Clann Cholmain. A zamanin Felim, Conchobar ɗan Donnchad na reshen kudu ne a kai har 833, daga nan Niall Caille na reshen arewa ya karɓa har 846.

Ɗan Maraɗi
Wato irin gidajen sarautar Zazzau, yau wannan gida gobe wancan. Yanzu na shigo jirgin. Ku ci gaba.

Bitrus
Malam Nasiru, barka da wannan batu. Bari in sa baki ta ɓangaren coci, domin ina jin a nan ƙullin yake. Idan aka ce gidan zuhudu, abin da ke zuwa wa mutum shi ne tsofaffi goma sha biyu suna addu'a a bayan katanga. Clonmacnoise ba haka take ba. Gari ce. Akwai masu ibada da malamai da ɗalibai, amma akwai maƙera, masu sassaƙa, 'yan kasuwa, da manoma masu noma filayen coci suna biyan galla, su da matansu da 'ya'yansu. A ƙasar da ba ta da birane, waɗannan wurare su ne rumbun hatsi, su ne ma'ajiyar dukiya. Shugabancinsu ma sau da yawa a cikin dangi ɗaya yake yawo, kuma dangin na jikin gidan sarauta ne.

Kuma suna yaƙi. A 760 Clonmacnoise ta gwabza da Birr. A 764 ta gwabza da Durrow, aka kashe mutum 200 na Durrow. A 807 Cork da Clonfert suka kara da juna. Duk wannan kafin Felim ya hau sarauta. Abin da zai fi ba ku mamaki, a 776 mutanen Durrow sun fita fagen fama a bayan Ui Neill, a yaƙin da suka yi da Munster. To idan sarkin Munster ya dubi Durrow, me kuke jin yake gani? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hajiya Binta
Bitrus, ɗan'uwana, na ji ka. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: manoma da matansu da 'ya'yansu. Shugaban gidan da ya ƙulla siyasa da sarakuna yana da doki, yana da inda zai gudu. Wanda wuta ta ci rumbunsa shi ne mai noman da ba a shawarce shi ba. Bayaninka ya nuna mini dalilin harin, bai nuna mini waliyyi ba.

Bitrus
Ban ce waliyyi ba ne, Hajiya. Na ce wanda ya rubuta tarihin bai ɗauki ƙona filin coci a matsayin fita daga addini ba, domin shi kansa ya san abin da cocinsa ke yi wa maƙwabta.

Sadiq (Dublin)
Salam. Ni da nake zaune a ƙasar, bari in ƙara abin da taswira ke nunawa. Gallen, Durrow, Clonmacnoise da Birr duk a gunduma ɗaya suke yau, Offaly. Daga ɗaya zuwa ɗaya bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Kuma nan ne daidai inda iyakar Munster ta haɗu da ƙasar Clann Cholmain, Connacht kuma tana tsallaken kogin Shannon. Saboda haka ba yawo yake yi cikin tsibiri yana neman cocin da zai ƙona ba. Ƙofar gidan abokan hamayyarsa yake bugu.

Wanda ya tsaya a Clonmacnoise zai gane da idonsa. Yankin duk fadama ce da ƙasa mai nutsewa, sai wani dogon tudun tsakuwa da ya ratsa daga gabas zuwa yamma, wanda shi ne hanyar mutanen da. Inda tudun ya iso bakin Shannon, nan aka kafa garin. Lokacin sanyi kogin yakan cika ya shanye filayen da ke gefe, kufan ya rage a kan tudu, ruwa ta ko'ina. Mai riƙe da wurin nan ya riƙe hanyar ƙasa da ta ruwa gaba ɗaya. Gine-ginen dutsen da ake gani yanzu da doguwar hasumiyar duk bayan Felim aka yi su. A zamaninsa yawancin ɗakunan na katako ne da jinka, shi ya sa kalmar ƙonewa ta cika kundayen.

Zainab A.
Yaya Sadiq, Cashel fa? Akwai abin da ya rage na zamaninsa?

Sadiq (Dublin)
Dutsen kawai, ƙanwata. Wani curin farin dutse ne da ya taso shi kaɗai a tsakiyar filin kiwo na Tipperary, kana hango shi tun daga nesa a kan babbar hanya. Abin da ke kansa yanzu na coci ne, domin a 1101 sarki Muirchertach Ua Briain ya kyautar da wurin ga coci. Ƙaramar majami'ar Cormac da masu yawon buɗe ido ke layi a kanta, a 1134 aka keɓe ta. Amma in ka hau ka juya, ƙasa shimfiɗe take a gabanka ta kowace fuska, koriya shar, shanu ko'ina. Ba sai an gaya maka dalilin da ya sa sarakuna suka zaɓi wurin ba.

Zainab A.
Na gode. To ni ga tawa gudummawar, daga abin da muka karanta a aji. A shekarar 823 ɗin da ya wawashe Gallen, a ita ce kuma ya haɗa kai da Artri, bishop na Armagh, suka ƙaddamar da Dokar Patrick, babban waliyyin Ailan, a faɗin Munster. Kun san abin da dokar ta ƙunsa? Kada a kashe malaman coci.

Hajiya Binta
Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi! Zainab, Allah ya yi miki albarka, kin gama mini aiki.

Malam Nasiru
Kada ki yi saurin naɗe tabarma, Hajiya. Dokar tana da fuska biyu. Ana yawo da kayan tarihin waliyyi gari-gari, ana shelar doka, ana kuma karɓar haraji, coci ta samu, sarkin da ya tsaya mata shi ma ba ya tashi hannu wofi. Ga kuma siyasa. Armagh ita ce ke iƙirarin shugabancin duk cocin Ailan, kuma a lokacin ana rikici a kan wa zai riƙe ta. Artri yana gefe ɗaya, Eogan Mainistrech yana ɗaya gefen da goyon bayan Niall Caille. A 827 aka yi yaƙin Leth Cam, Niall ya ci, ɓangaren Artri ya faɗi. Wato tun kafin Niall ya hau sarautar Tara, shi da Felim sun riga sun tsaya a bayan 'yan takara biyu masu gaba da juna. Abin da ya faru a Kildare a 836 ci gaban irin wannan rigimar ce: Forindan da ya ritsa a ɗakin ibada yana cikin jayayya da wani, Diarmait, a kan kujerar Armagh.

Ni abin da nake gani, mutumin nan ya gane abin da sarakunan Munster kafin shi ba su yi amfani da shi sosai ba, cewa wanda ke son ya ja da Ui Neill sai ya kama coci tukuna. Cathal ɗan Finguine, wanda ya rasu a 742, ya kai hare-hare arewa, amma bai zauna a kujerar shugaban gidan zuhudu ba. Felim ya zauna.

Bitrus
Wannan zaman kujerar shi ne ya fi tsaya mini a rai, fiye ma da wutar. A 836 ya karɓe shugabancin gidan zuhudun Cork. A wannan shekarar kundin Ulster ya rubuta cewa Dunlang, shugaban Cork, ya mutu a Cashel ba tare da an ba shi jibin Ubangiji ba. Ga wanda ba Kirista ba, wannan layin zai wuce shi kamar ba komai. A wurinmu kuwa, a ce babban malamin coci yana bakin mutuwa, a gidan sarkin da ake kira mai ibada, a ce bai samu guzurinsa na ƙarshe ba, abu ne mai nauyi ƙwarai. Marubucin bai ce a tsare yake ba, bai ce wane ne ya hana ba. Ya ajiye wurin mutuwar da yanayinta, ya bar mai karatu da lissafi.

Af, ga masu tambayar me ya haɗa mu da su Patrick: shi ne waliyyin da cocin Katolika ta Najeriya ta ɗauka majiɓincinta, kuma fada-fada 'yan Ailan sun daɗe suna aiki a Kaduna da Jos, su suka koyar da iyayenmu da yawa. Sai dai a bakinsu labarin Ailan na waliyyai da malamai ne, ban taɓa jin wanda ya ambaci Felim a aji ba.

Abu Hanan
Ni fa ina ganin kuna yi wa bawan Allah nan rashin adalci. Akwai wata ƙungiyar masu tsananta ibada da ta taso a ƙarshen ƙarni na takwas, Celi De, babban malaminsu Mael Ruain na Tallaght wanda ya rasu a 792. Azumi, tsayuwar dare, karanta Zabura gaba ɗaya, nisantar abin duniya. Sunan Felim yana cikin jerin mutanen da aka danganta da Mael Ruain. To mutumin da ya fito daga wannan tarbiyya, ya ga gidajen ibada sun zama gidajen gado da kasuwanci da yaƙi, me zai hana ya ɗauki bulala? Wataƙila gyara yake yi.

Zainab A.
Malam Abu Hanan, an daɗe ana faɗin haka, amma taswirar Yaya Sadiq ta rushe shi. In gyara ne, lalacewar a bakin iyakar abokan gaba kawai take? Gidajen da ke bayansa duk tsarkaka ne? Kuma mai gyaran da ke ƙyamar haɗa ibada da mulki ba zai haɗa sarauta da shugabancin Cork a hannunsa ba, balle ya je ya ƙara da kujerar Clonfert.

Abu Hanan
To ai sai ka riƙe abu kake iya gyara shi.

Hajiya Binta
Haka duk mai ƙwace yake cewa.

Malam Nasiru
Akwai wani abu da zai ɗan taimaki Abu Hanan, ko da ba ta fuskar gyara ba. Rigimar Clonmacnoise tana da tushe. Wani mutumin Munster, Flann, ya samu muƙamin mataimakin shugaba a wurin, abin da bai yi wa mutanen yankin daɗi ba. Sai Cathal ɗan Ailill, sarkin Ui Maine na Connacht, ya sa aka jefa shi cikin Shannon ya nutse. Saboda haka jini yana zuba ta ɓangare biyu, kuma abin da ake ja a kai shi ne wa zai sa nasa a cikin gidan. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗan Maraɗi
Ni tambayata ɗaya. Shekarun nan ba su ne Vaikin, 'yan fashin tekun nan na arewacin Turai, ke shigowa da jiragensu ba? Shi jarumin naku ina yake?

Hajiya Binta
Yawwa, Ɗan Maraɗi, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun 795 suka fara kai hari. A 837 jirage sittin suka shigo kogin Boyne, wasu sittin suka shigo Liffey. A 841 suka kafa sansani a Dublin, suka daina komawa gida. A 845 suka ƙone Clonmacnoise da Clonfert da Terryglass, suka kama Forindan ɗin nan na Armagh a cikin ƙasar Munster, suka tafi da shi wurin jiragensu. A duk shekara 27 da Felim ya yi a kan gado, kundayen ba su kawo yaƙi ko ɗaya da ya yi da su ba. Abin da suka kawo shi ne a 846, shekara ɗaya bayan baƙi sun ƙone Clonmacnoise, shi ma ya koma ya wawashe ta. Mutane ba su gama kwashe toka ba. A ce mini wannan mafificin mutanen Ailan?

Wanda ya gaje shi, Olchobar, shi ma malamin coci ne, shugaban Emly. Shekara ɗaya da hawansa, a 848, ya haɗa kai da sarkin Leinster suka murƙushe Vaikin a Sciath Nechtain, har suka kashe babban jagoransu Tomrair. Ashe ana iyawa.

Malam Nasiru
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan ce ba haka ba. Abin da zan ƙara kawai, mu ne muke kallon Ailan a matsayin ƙasa ɗaya da baƙi suka afka wa. Sarkin Cashel na 840 yana ganin 'yan fashin teku da ke ɓarna galibi a ƙasar abokan gabarsa. Duk jirgin da ya shiga Boyne, Niall yake rage wa ƙarfi. Ba na yabon wannan lissafi, amma shi ne lissafin zamanin, kuma ba a jima ba sarakunan Ailan da kansu suka fara ɗaukar Vaikin haya suna yaƙar juna da su.

Baba Alhaji Isa
'Ya'yana, tun ɗazu nake bin ku ina shan shayi. Kun tsaya a kan ko mutumin kirki ne, ba wanda ya tambayi ko ya samu abin da yake nema. Nasiru, ba mu labarin ƙarshen takararsa da Niall, a nan ake gane sarki.

Malam Nasiru
To Baba, Allah ya ƙara girma. A 838 aka yi babban taron sarakuna tsakaninsa da Niall. Kundin Ulster ya ce a Cloncurry aka yi, ya yi shiru a kan sakamako. Kundin Inisfallen, wanda na Munster ne, ya ce a Clonfert aka yi, Niall ya miƙa wuya, Felim ya zama cikakken sarkin Ailan a ranar, ya kuma zauna a kujerar shugaban Clonfert. Taro ɗaya, labari biyu.

A 840 ya kutsa Mide da Brega, ƙasashen Ui Neill na tsakiya, yana ɓarna har ya ya da zango a Tara kanta. Ga ɗan Munster wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya kwana a kan tudun da Ui Neill ke jingina sarautarsu da shi. Kundin Inisfallen ya ce a wannan fitar ya kama wata gimbiya, Gormlaith, da matan da ke tare da ita, kuma akwai masanan da ke ganin matar Niall ce. Niall bai tare shi a Tara ba, sai ya zaga ya afka wa yankunan Fir Chell da Bethra, can wajen Offaly, ta bayansa.

A 841 Felim ya nufi Carman, inda sarakunan Leinster ke yin babban taronsu na gargajiya. Wanda ya shugabanci wannan taro ya nuna shi ne uban ƙasar. Niall ya biyo shi ya same shi a Mag Ochtair, a Kildare ta yau, ya tarwatsa rundunarsa. Akwai 'yar waƙa da aka rubuta a kundin, ma'anarta ita ce kandirin Felim mai raya dare an bar shi a cikin ƙaya, Niall ya ɗauke shi da ƙarfin takobi. Ku lura, ko mai yi masa dariya bai musanta tsayuwar darensa ba. Kuma ku lura da abin da ya tafi da shi fagen yaƙi: sandar shugaban coci.

Hajiya Binta
Ga kamun mata kuma. A Birr ɗin nan da ke bakin iyakarsa aka ƙaddamar da Dokar Adomnan a 697, wadda ta hana taɓa mata da yara da malaman coci a lokacin yaƙi. Shekara fiye da 140 kafin Gormlaith. Kada wani ya ce mini zamanin ne bai san haramcin ba. Sun sani, sun rubuta, sarakuna sun sa hannu.

Abu Hanan
Kama ta ya yi, ba a ce ya cutar da ita ba. Jingina ce irin ta sarakuna.

Hajiya Binta
Allah ya sa kada a yi jingina da taka, Abu Hanan.

Baba Alhaji Isa
A'a, Binta, a sassauta. Nasiru ya ba ni amsata. Mutum ya yi shekara ashirin yana gini, rana ɗaya a Mag Ochtair ta rushe shi, bai sake tunkarar Tara ba. Abin da nake so ku duba shi ne bayansa. Niall ya nutse a kogin Callan a 846, Felim ya bi shi a 847, Mael Sechnaill na Clann Cholmain ya hau. Wannan shi ne ya shiga Munster ya karɓi jingina, a 858 ya ratsa ta har bakin teku. A 859, a taron Rahugh, aka yanke masarautar Osraige daga jikin Munster aka mayar da ita ɓangaren arewa. Shekara 12 kacal da rufe Felim. Ya nuna wa Ui Neill cewa kudu na iya zama barazana, su kuma suka ɗauki darasin suka zo suka karya ta. Gidan Eoganacht bai sake kai wa inda ya kai ba. Da Munster ta tashi cin tsibirin, wani gida ne dabam ya yi, na Brian Boru, wanda ya ture su daga Cashel.

Sadiq (Dublin)
Baba ya faɗi gaskiya. A nan kowane yaro ya san Brian Boru da yaƙin Clontarf na 1014. Felim kuwa sai ɗaliban tarihi. Amma Gerald na Wales, da ya rubuta labarin Ailan a ƙarshen ƙarni na 12, ya lissafa shi cikin sarakunan tsibirin gaba ɗaya. Wato farfagandar Munster ta yi tafiya mai nisa.

Ɗan Maraɗi
To yaya ya mutu? Takobi?

Bitrus
Ba takobi ba. Ciwo ne. Mutanen Clonmacnoise kuma ba su bar damar ta wuce ba. Labarin da ya shiga kundayen baya ya ce bayan harin 846, waliyyi Ciaran, wanda ya kafa garin kusan shekara 300 kafin nan, ya bi shi har Munster ya zungure shi da kandirinsa, ciwon ciki ya kama shi, bai tashi ba. Waɗanda ya ƙona suka ce waliyyinsu ne ya kashe shi, nasa mutanen suka sa shi a jerin waliyyai.

Zainab A.
Ni dai ina ganin marubucin Ulster bai ga saɓani ba ne kwata-kwata. Marubuci muƙami ne na ilimi, mai halwa bayanin irin ibadarsa ne, mafifici kuma na iya nufin ba wanda ya kai shi ƙarfi da suna a zamaninsa. Ba hukuncin lahira yake yankewa ba, rajista yake cikewa.

Hajiya Binta
In rajista ce, ya rubuta sarkin Munster ya mutu, ya tsaya nan, kamar yadda ya yi wa ɗaruruwan sarakuna. Ya zaɓi ya ƙara yabo. Ni ban sauka daga inda nake ba.

Malam Nasiru
Ba wanda ya isa ya sauke ki, Hajiya. Abu Hanan ma na ga bai motsa ba. Ga masu son ci gaba, Cashel ta samu wani sarki malamin shekara 55 bayan rasuwar Felim, Cormac ɗan Cuilennan, bishop ne shi, ya hau a 902. Shi ma ya fita yaƙi da kansa, aka kashe shi a Belach Mugna a 908, kuma wanda ya ci shi Flann Sinna ne, ɗan Mael Sechnaill ɗin da Baba ya ambata.

Hajiya Binta
Shi kuma coci nawa ya ƙona?

Malam Nasiru
Shi ƙamus ake danganta masa. Zainab, ke za ki buɗe mana zaren nasa ranar Asabar, tunda kun yi shi a aji.

Zainab A.
To Malam, in Allah ya kai mu. Amma sai bayan la'asar, ina da jarrabawa da safe.